Tsohuwar Bayan Labule

Daga ofishin Shugaban Ƙungiyar Masu Gidajen Haya na wannan yanki, gabas da yamma, zuwa ga Inna, mahaifiyar Auta mai buga bulo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar, tana barin ki barci? Yaya maƙwabta? Ina gaida babbar 'yarki da za ta karanta miki, ina kuma gargaɗinta kada ta tsallake wurin da aka yabi ƙanenta.

Amma ba'adu. Ba ki san ni ba. Ni babban mutum ne, ina da kujera mai juyawa da fanka a kowane gefe, kuma ba na rubuta wa kowa sai wanda ya isa.

Na ji an ce miki ɗanki a jeji yake zaune. Masu hassada ne. Gaskiya bara gonaki ne a nan, amma yanzu mutum zai kwanta maƙwabcinsa masara, ya tashi maƙwabcinsa bango. An kafa mana turakun lantarki reras, waya ce kawai ba ta iso ba. An auna titi, har an zuba tsakuwa, ruwan sama ya ara bai dawo da ita ba tukuna. Muna da mai walda, da mai cajin waya, da kemis mai ma'aikaciyar jinya a ciki. Birni kuwa, in kika hau tulin yashi kina hango hayaƙinsa. Shanu suna bi ta tsakar gidan wani malamin makaranta safe da yamma, amma laifinsa ne, a kan hanyarsu ya yi gini.

Game da ɗanki Auta, ban taɓa ganin yaro mai nutsuwa irinsa ba. Bulon da ya buga, ko mota ta taka shi motar ce ke jin jiki. Ya kama ciki da falo a gidan Baba Maigida, ya share, ya sa labule.

Abu ɗaya ke damun Ƙungiya. Unguwar nan duk yara ne 'yan haya, ango da amarya, da masu goyon fari. Ba mu da tsohuwa ko ɗaya. Saboda haka muka zauna, muka duba tsofaffin duniya, muka zaɓe ki. Ki shirya kayanki, direban da ya kawo takardar nan zai ɗauko ki.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wassalam.

Shugaba, da hannunsa.

*

Daga Shugaba, zuwa ga Inna.

Assalamu alaikum. Ina sake gaishe ki, ina tambayar ƙafa da sanyin damina. Allah ya sa rufin ɗakinki ba ya yoyo bana.

Direba ya kawo saƙonki da baki. Ya ce kin ce a gaida Shugaba, a gaya masa ya riƙa wanke ƙafa kafin ya hau kujerar, kuma ba za ki bar ɗakin da marigayi ya bar ki a ciki ba. Ya ce 'yarki ta yi dariya har ta kwanta. Ban ga abin dariya ba, amma manya ba sa riƙo.

Tunda abin ya zo haka, dole in buɗe miki wata magana. Ki zauna tukuna.

Baba Maigida ba ya ba gwauro haya. Tun da wani saurayi ya cika masa gida da abokai da kiɗa ya rantse, sauran masu gidajen ma suka bi bayansa. Auta ya sha yawo da katifa a ka, duk inda ya je sai a tambaye shi ina iyali. Da ya gaji, ya kalli Baba ido cikin ido ya ce shi da mahaifiyarsa ne. Nan take aka miƙa masa makulli.

To, uwa ba a ɓoye ta a aljihu. Sai ya je gwanjo ya sayo tsohon zane da silifas masu cinyayyen dunduniya. Zanen yana shanya shi a igiya, silifas suna bakin ƙofa. Ya shaida wa mutanen gida cewa ciwon ido kike, likita ya hana ki ganin haske, wuni kike barci, ba a gaishe ki sai ya dawo daga aiki ya riƙe miki baya kin zauna. Ranar da Baba ya shigo falo gaisuwa, Auta ya shige ciki, ya saki labule, ya toshe hanci, ya yi tarin nan naki mai hawa biyu, ya amsa da muryarki. Har ya sa kika zage shi, shi Autan. Kika ce masa ja'iri mai kunnen ƙashi, ya tashi ya ba baƙo ruwa. Ya fito da kofi yana sunkuyar da kai. Baba ya tafi yana cewa yau ya ga gidan tarbiyya.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma matan gidan suka ji akwai tsohuwa. Yanzu kowace yamma falon cike yake. Matar mai walda ta kawo ƙarar mijinta, kika ce ta bari ya ci ya ƙoshi kafin ta yi masa faɗa, ta dawo tana godiya. Wata ta kawo yaro mai haƙori. Wadda ta fi kowa zama ita ce matar tela, yarinya mai cikin fari, uwarta tana can nesa. Takan jingina da bango kusa da labule ta yi ta tambaya, shi kuma ya mayar mata da duk abin da ya ji kina gaya wa yayarsa lokacin nata cikin, yana laɓe a bayan ƙofa. Bai ƙara ko gishiri ba. Abin da bai sani ba, sai ya ce ta je kemis, ke ba likita ba ce.

Kwanonin abinci kuwa sai shigowa suke, wai a ba Inna. Kumatun ɗanki sun fito. Mutane suna cewa albarkar uwa ce.

Ni a matsayina na Shugaba na rufa masa asiri, amma yaron muryarsa ta fara dushewa. Ki zo ki karɓi aikinki. Kin riga kin yi suna a nan, zama kawai ya rage.

Ki huta lafiya. Allah ya bar mu da ke.

Shugaba.

*

Zuwa ga Inna.

Assalamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, yaya ƙafa? Ina gaida Yaya. Wannan karon in za ta yi dariya ta bari sai ta kai ƙarshe.

Asiri ya tonu, Inna.

Ranar an wuni ana ruwa, ba a buga bulo ba, Auta yana ciki yana cin abincinki. Tela ya tafi birni sayen yadi, kwazazzabo ya cika ya raba unguwa biyu, ko babur ba ya wucewa. Sai naƙuda ta kama matarsa. Matan gida suka rasa inda za su sa kansu, domin babu wadda ta taɓa karɓar haihuwa. Suka riƙo ta suka faɗo falo suna kiran Inna, Inna, ki fito yau ko da ido rufe.

Auta ya yi tarin sau ɗaya, don ya saba. Sai ya ji yarinyar ta kama labulen tana kuka, tana cewa Inna ki taimake ni, ba ni da uwa a garin nan sai ke.

Nan wasa ya ƙare. Ya ɗaga labulen da hannunsa, ga shi daga shi sai singileti, da cokali a hannu, ga ɗaki babu kowa sai gado. Matar mai walda ce ta fara dawowa hayyacinta, ta kwaɗa masa murfin tukunya a ka. Bai tsaya kare kai ba. Ya fita cikin ruwan nan da gudu, ya ɗauko baron wurin aiki, ya ƙetare kwazazzabo, ya ɗora ma'aikaciyar jinya da jakarta a ciki. Mace ce mai jiki, Inna, kuma tun daga kemis har gida tana riƙe da lema tana zaginsa. Sun iso a kan lokaci. An sami 'ya mace, uwa da jaririya lafiya, alhamdu lillahi.

Baba Maigida da ya ji labari ya yi dariya har ya riƙe bango. Da ya gama ya share hawaye ya ce doka doka ce: ko tsohuwa ta gaske ta kwana a ɗakin nan kafin wata ya mutu, ko a ba shi makullinsa. Wani mai gyaran firji da matarsa sun riga sun fara leƙen taga. In ɗakin ya tafi aikin ma ya tafi, don babu mai ba ni wani a unguwar nan, kowa ya san ni yanzu.

Na ce ni. To, shi ke nan, na gaji da riƙe hanci. Babu wani Shugaba, babu Ƙungiya. Ni ne, Inna, kuma na san tun takardar farko kin gane.

Dukan bai dame ni ba, na saba. Abin da ya tsaya mini a rai matar tela ce. In na gaishe ta sai ta juya fuska. Amma ta gaya wa mijinta sunanki za a sa wa yarinyar, wai maganar da ta riƙe ta watannin nan ba tawa ba ce, ta wata tsohuwa ce da ke wani wuri, kuma tana son ta gan ta da idonta. Tela ya zo ya tambaye ni sunanki na gaskiya, ya ce in na yi masa ƙarya a wannan zai ɗinke mini baki.

Ni ma in faɗi tawa. Falo ɗaya ya ishi gwauro. Ciki da falo na kama saboda tun rasuwar mahaifinmu ba na son zamanki ke kaɗai, kuma na san in na roƙe ki da bakina za ki ce in tafi in ba ki wuri. Wani lokacin in kowa ya watse nakan ci gaba da muryar, in yi wa kaina faɗa, don in ji ki a ɗakin.

Ba na ce ki bar ɗakin marigayi har abada ba. Ki kulle shi, Yaya ta riƙa dubawa, ki zo ki ga takwararki. Na roƙi direba ya bar miki kujerar gaba saboda ƙafar. In duka za ki yi mini, ki zo ki yi a nan gaban jama'a. Matan gidan sun ce su za su riƙe miki ni.

Ki yafe mini, ki sa mini albarka. Wassalam.

Ɗanki, wanda ba shugaban kowa ba,
Auta.