Ba Zan Sayar da Motar Baba Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, ya sa wannan nisa da ke tsakaninmu ya zama alheri. Mu nan muna lafiya, sai godiyar Allah. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene tana shanya da kanta, wai ni ban iya matse kaya ba. Kawu ya zo dubiya ya kwana biyu ya koma. Ni kuwa ina nan a shagon ɗinki, keke ɗaya ya lalace amma aiki bai tsaya ba. Na zaɓi in rubuto miki ne saboda a waya ba kya barin mutum ya kai aya, kuma maganar nan ina so ki ji ta har ƙarshe.

Dillalin da maigidanki ya turo ya zo ganin motar Baba. Ya zagaya ta, ya daki taya da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashinta yana taɓe baki. Na ba shi ruwan sanyi, na gode masa, na sallame shi. Yaya, ba zan sayar da motar nan ba. Na san dalilinki, kuma ban raina shi ba. Tun da idon Baba ya yi rauni likita ya hana shi tuƙi, tsoronki kada wata rana ya faki idonmu ya hau titi. Ni ma wannan tsoron yana raina. Amma akwai abin da ba ki gani ba, ni kuwa da idona na gani.

Kin san tun ranar da muka karɓe makulli daga hannunsa Baba ya daina cin abinci. Ba ki dai ga yadda ya koma ba. Agogonsa har gwiwar hannu yake zamewa, wandunansa kuwa na gaji da rage musu ƙugu. Likita ya ce aikin nan da za a yi masa a ciki ba zai yiwu ba sai ya ɗan yi ƙwari, kuma idan aka sake auna shi aka ga yana ƙara raguwa, kwantar da shi za a yi a zura masa roba ta hanci. Da Baba ya ji zancen roba, sai ya juya fuska bango. Mama kuwa ta duƙufa girki safe da rana. Ta ajiye masa kwano, ta ja kujera ta zauna a gabansa tana bin kowace loma da ido, tana cewa ya daure ya ƙara. Ya yi loma biyu ya ce ya ƙoshi. Ta shiga kicin ta yi kukanta, ta fito ta sake ɗora tukunya.

Na tambayi likita abin da aka hana shi ci. Ya ce a wannan hali babu, duk abin da ransa yake so a ba shi, in dai zai shiga ciki. A hanyar gida na tuna cewa duk tsawon shekarun da Baba ya yi yana tuƙa tasi, bai taɓa cin abincin rana a gida ba. Sai na yanke shawara. Kullum rana ta yi in rufe shago, in ɗauke shi a motarsa, mu bi gidajen abincin garin nan ɗaya bayan ɗaya har mu dace. Mama ta ce na haukace, zan kai dattijo cin abincin yara. Na ce na ji, na ɗauki makulli.

Farkon abin bai yi daɗi ba. Mun fara da wurin soyayyar kazan nan mai jan fenti, inda ake bin layi a ba ka lamba. Baba ya ɗaga cinyar kaza ya juya ta, ya ce wannan kazar ba ta taɓa taka ƙasa ba tun da aka ƙyanƙyashe ta, ya mayar. A gidan fiza cukun ya biyo shi har gemu, ya ce burodi ne aka manta ba a rufe shi ba. Da aka kawo masa boga, burodin nan mai nama a tsakiya, har hawa biyu, ya tambaye ni da bakin wa aka gwada kafin a haɗa. A wurin masu taliya an ba mu tsinkaye biyu a maimakon cokali, ya dube su, ya dube ni, muka tashi. Ina dariya a gabansa, amma na fara karaya. Kullum mu dawo da abinci a leda, Mama ta karɓa, kallonta kawai ya ishe ni. Na ce a raina ko garin nan zan ƙare kaf, ba za a sa wa Baba roba ba.

Rannan muka je wani ɗan lungu a bayan layin makanikai, inda wata mata take gasa kifi da soyayyen dankali. Teburanta uku duk a cike, sai na ce a ƙunshe mana. Na kawo wa Baba ƙunshin a mota, na ga na manta ruwa, na zare makulli na koma. Layi ya riƙe ni. Da na fito sai na hango kujerarsa babu kowa. Ashe ya zagayo ya zauna a kujerar direba. Ya tura ta baya daidai tsawon ƙafarsa, ya buɗe ƙofa ya sauke ƙafa ɗaya waje, ya shimfiɗa takardar a cinya, ya ɗora hannun hagu a kan sitiyari. Yana ci, Yaya. Ci na gaske, yana zare ƙaya yana tara ta a gefe, idonsa a kan titi. Na laɓe a bayan wata motar da aka cire wa tayoyi, da gorar ruwa a hannuna, ina hawaye kamar wata yarinya. Sai da ya suɗe yatsu na fito. Ya karɓi ruwan ya ce gishirin ya ɗan yi yawa.

Washegari na sayo irin kifin nan na ajiye masa a falo, in gani. Ko kallonsa bai yi ba. A nan na gane cewa ba abincin ne matsalar ba. Mutumin nan a kujerar nan ya saba cin abincinsa, tsakanin fasinja da fasinja, babu mai tsaye a kansa. A gida mun mai da shi majinyaci, muna lissafa masa loma. A bayan sitiyari kuwa direba ne da ya tsaya hutun rana.

Yanzu haka muke yi. In tuƙa mu, in sami inuwa in tsaya, in kashe mota in zare makulli, mu yi musanyar kujera. Ni ma in ci nawa, ba na kallon bakinsa. Mun sake zagaya duk wuraren da ya kushe. Bogar nan sai ya danne ta da tafin hannu ta kwanta sannan ya gama da ita. Fiza ninke ta yake yi biyu. Kazar da ba ta taka ƙasa ba, har ƙashinta yake taunawa, amma bai janye maganarsa ba. Shawarma ce ta fi kwanta masa, ya ce wanda ya ƙirƙiro ta ya san darajar direba, tunda da hannu ɗaya ake cin ta. Shi ke nuna mini hanya ma. Ba ya ganin allon titi, amma zai ce in rage gudu akwai rami a gaba, kuma ramin yana nan. Tuƙina dai har yau bai yi masa ba, wai ina taka birki kamar mai kashe kunama.

Mama ta yi fushi da ni sosai da ta ji mijinta yana cinye abincin titi. Kwana biyu gaisuwata kawai take amsawa. Sai ga shi wata rana ta miƙo mini roba irin ta gidan abinci, da girkinta a ciki, ta ce in ce sayowa na yi. Baba ya buɗe a mota, ya yi loma ɗaya. Ya cinye tas, ya ce wannan gidan abincin a riƙa zuwa, mai girkin ta san aikinta tun tana amarya. Da na gaya wa Mama ta ce in tashi in ba ta wuri, amma na ga tana gyara ɗaurin ɗankwali.

Mun koma asibiti an auna shi. Bai ragu ba, har ya ɗan ƙaru. Likita ya ce a ci gaba da duk abin da ake yi, in an ɗore a haka wata mai zuwa za a sa ranar aiki, kuma ya ajiye zancen roba. Ba mu tsallake ba tukuna, saura tafiya. Shi ya sa nake gaya miki, duk wanda ya ɗauke motar nan daga ƙofar gida yanzu, kwanon Baba ya ɗauke. Ki yi mini faɗa, ki haɗa ni da Kawu, ki daina ɗaga wayata. Duk zan ɗauka, ke ce babba. Motar dai tana nan.

Jiya na ga bai dace in ɓoye masa ba, na gaya masa zancen dillali da abin da kike tsoro. Muna bakin wurin shawarma. Ya goge hannunsa a hankali. Sannan ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da wani makulli. Ashe motar tana da na biyu, kuma yana jikinsa tun ranar da muka karɓe na farkon. Duk lokacin da na bar shi a kujerar direba na tafi sayen ruwa, yana tare da shi. Ya ce ya fi mu sanin idonsa ya tafi, kuma wanda ya yi shekaru yana kai 'ya'yan mutane gida lafiya ba zai ƙare da take ɗan wani ba. Ya ce in aika miki, hankalinki ya kwanta, shi a bar masa kujerar kawai. Makullin ne na naɗe a ƙyalle a cikin ambulan ɗin nan.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ba shi haƙuri a kan dillalinsa. Ki shafa mini kan 'Yan Biyu da Autarki sarkin rigima. Mama tana gaishe ku, Kawu ma ya bar sallahu. Baba ya ce a sa miki albarka. Ki sa shi a addu'a, Allah ya sa a yi aikin nan a sa'a. Makullin yana hannunki, ki adana shi. Gobe da rana muna da gidan kifi.

Taki har kullum,
Ƙanwarki mai taurin kai.