Gurbin Uwa a Fom ɗin Jikata

Litinin, 2 ga Yuni

Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe, ga taka: na haifi biyar, na binne ɗaya tun yana goye, na aurar da biyar. 'Ya'yana nawa? Je ka yi ta lanƙwasa yatsu, ni shayina zan sha.

Shayin ma salam. 'Yata Mai Shiru ta kai gwangwanin sukari saman kabad inda ta san hannuna ba ya kaiwa. Wai likita. Jiya a gaban baƙi ta zare cokali daga hannuna kamar ta kama yaro da wuƙa. Na taya su dariya. Amma na ajiye.

Laraba, 4 ga Yuni

Jikata, 'yar Mai Shiru, wadda nake kira Sarkin Tambaya, ta kafa kwamfutarta a kan teburin guga. Aikin fita na makarantarsu ne: za ta zuba danginmu kaf a ciki. Ni ce rijiyar da za ta ja ruwa.

Ta zana mini a takarda. Jadawali uku: na mutane, na gidaje, na aure. Kowa layi ɗaya, kowa da lambarsa. Ni ce lamba ɗaya. Na ce ai dama. Marigayi mijina lamba biyu. Da yana raye da ya sha baƙin ciki.

Dokarta kuwa: ba a rubuta abu sau biyu. In kana son ka ce wane ɗan wance ne, ba sunan uwar za ka sake rubutawa ba, lambarta za ka sa. Na ce ƙawata, ashe ke ma rowar tawada kike, irin uwarki da sukari. Ta ce, “Kaka, in kin rubuta sau biyu, wata rana za su saɓa.” Wannan kam gaskiya ne. Shi ya sa ni ban taɓa ba da labari iri ɗaya sau biyu ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Mun shigar da mutum goma sha tara. Na rage wa ƙanwata shekara uku don ta ji daɗi, na ƙara wa surukata biyar don kada ta ji.

Asabar, 7 ga Yuni

Yau jikata ta gama fom ɗin shigar da mutane. Gurabe ne a jere: suna, ranar haihuwa, gida, uba, uwa. Gurbin da ke da jan tauraro ba ya yarda a bar shi fanko. Ka tsallake shi, kwamfutar ta yi ƙara ta ƙi tafiya, kamar jaki a bakin kwata. Gurbin uwa kuma ba a rubutu a ciki. Kana taɓawa, sunayen matan da aka riga aka shigar za su zubo, sai ka zaɓi ɗaya. Ɗaya tak.

Muka zo kan uwarta. Yarinyar ba ta ko ɗago kai ba, ta kai kibiyar kan sunana.

Na ce tsaya. Ba kin ce malaminku ba ya son ƙarya a ciki ba?

Wallahi da farko tsokana na yi niyya. Ina son ganin idonta ya fito. Sai bakina ya ji daɗin maganar ya ci gaba shi kaɗai. Na ce uwarki ba daga cikin nan ta fito ba. Wata mai yi mana wanki ce ta zo da ita tana shekara biyu, ta ce za ta asibiti ta dawo. Ba ta fito daga asibitin ba. Uban kuwa babu wanda ya taɓa ganin ƙeyarsa. Ni na ga yarinya tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da takalmi ƙafa ɗaya, na ce shigo.

Ta ce, “Mama ta sani?” Na ce ta fi ki sani. Ku ne aka bari a duhu.

Amma yarinyar 'yar doka ce. Ta ce to sai an buɗe wa matar layi tukuna, in ba haka ba ba za ta fito a cikin jerin ba. Suna? Jan tauraro. Na ce na manta. Ban manta ba. Na ce rubuta “Wata”.

Wata, lamba arba'in da ɗaya. Na yi dariya har da tari.

Talata, 10 ga Yuni

Sarkin Tambaya ba ta tambaya yau. Na ce ƙawata, kyanwa ta ɗauke harshen? Ta toshe kunnenta da abin jin waƙa.

Laraba, 11 ga Yuni

Ɗana Mai Gilashi ya biyo da matarsa a hanyarsu ta wucewa, minti arba'in kamar kullum, mota ma ba a kashe ta sosai ba. Ni na matsa a nuna musu aikin. Na ce akwai wani maɓalli na musamman, danna musu “Zuriyar lamba ɗaya”. Yarinyar ta dube ni. Na ce danna mana, ko aikin bai yi ba ne?

Ta danna. Abin yana bin lamba ne kawai, daga uwa zuwa ɗa, daga ɗa zuwa jika, ba ya jin kunyar kowa. 'Ya'ya: biyar, har da wanda na binne. Jikoki: sha bakwai. Babu Mai Shiru, babu 'ya'yanta uku, babu ita kanta wadda ta gina abin.

Surukata ta ce, “A'a, ina Yaya?” da wannan murya tata ta rashin sani, alhali ta sani tun ranar da ta shigo danginmu. Na ce ku tambayi kwamfuta, ita ba ta son kai.

Mai Shiru na tsaye da tiren kofuna. Ta karanta daga sama har ƙasa, a hankali, leɓenta na motsi. Ta ajiye tiren, ta miƙa wa kowa nasa. Ta miƙo mini nawa ta ce, “Ga shi, Hajiya.”

Shekara arba'in da huɗu tana ce mini Inna.

Na ce a raina, to, an biya kuɗin cokali.

Juma'a, 13 ga Yuni

Hajiya, ga ruwan wanka. Hajiya, lokacin magani. Hajiya, a ɗaga ƙafa zan share. Ba ta rage komai ba. Ko tsaki ɗaya da ta yi da na samu abin kamawa.

Na ce mata wasa ma ba a yi da ke? Ta ce, “Ana yi.” Ta ci gaba da ninke zannuwa.

Litinin, 16 ga Yuni

Mai Shiru ta tafi gidan babban ɗanta, wai matarsa ta yi nauyi, sati biyu. Mai zuwa sati biyu ba ta ɗaukar keken ɗinki. Mutum biyu suka sauko da shi daga bene, sun kankare mini fentin bango.

Ta liƙa takarda a jikin firij, ta ja layuka da biro: ƙwaya, lokaci, kafin abinci ko baya. Ta sauko da gwangwanin sukari ta ajiye a kan tebur, daidai inda nake zama.

Na zuba cokali huɗu. Ba daɗi. Sun canza sukarin zamanin nan.

Laraba, 18 ga Yuni

Na kira zuriyar lamba ɗaya. Mai Gilashi yana taro. Ta biyun ta ce ƙafarta. Na ukun ya turo gaisuwa ta waya da hoton fure. Autar ta ce, “Ina Yaya ta je ne?” kamar ana tambayar inda aka ajiye tsintsiya. Alhali Yayar ce ta goya ta har bayanta ya yi kanta.

Na haɗiye ƙwayar safe da ta yamma tare, don ban ga layin da kyau ba. Jiri har azahar. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Jikata ta dawo da sakamako. Ta ci da yabo. Malamin ya fi yaba inda ta ƙara jadawali na huɗu, na riƙo: gurabe biyu, wanda ya riƙe da wanda aka riƙe. Wai ta yi tunani mai zurfi. Ta nuna mini. Layi ɗaya ne tal a ciki: lamba ɗaya, lamba takwas, wato ni da Mai Shiru.

Na ce wato kin gina wa uwarki ɗakin baya. Ta ce, “Ke kika fitar da ita daga falo, Kaka. Ni wuri na nema mata kada ta kwana a waje.” Yarinyar nan bakina ta ɗauko. Ta ina, ban sani ba, tunda kwamfuta ta ce ba mu haɗa komai ba.

Lahadi, 22 ga Yuni

Da hantsi jikata ta shiga wanka ta bar kwamfutar a buɗe. Ba wani abu ba ne, hannuna ne ya yi ƙaiƙayi. Na nemo lamba takwas da yatsa ɗaya, kibiyar na ta gudu kamar ɓera. Na taɓa gurbin uwa, sunaye suka zubo. Nawa ne a sama, ba sai na wahala ba. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata. Ji rashin kunya. Na danna.

Layin Wata ban goge shi ba. Na cire “Wata” na sa sunan matar na gaskiya, harafi harafi, ya ci mini kusan minti goma. 'Yarta za ta so ta gani wata rana, in ta ga dama. Ba ta taɓa tambayata ba, ni kuma ban taɓa ba ta ba.

Jikata ta fito da tawul a ka, ta duba, ta ce, “Kin ɓata mini aiki, tsohuwa. Yanzu kin haife ta kuma kin riƙe ta, an rubuta abu sau biyu.” Na ce a bar shi haka, ba za su saɓa ba. Ta ce an riga an ba da maki, ba wanda zai gani. Na ce ɗauki hotonsa ki aika inda kika san ana aikawa. Ba ni na ce ba.

Ta aika wa uwarta. An buɗe saƙon. Ba amsa. Keken ɗinki bai dawo ba, fentin bango na nan a kankare. Na sa yarinyar ta mayar da gwangwanin saman kabad, ya cika mini tebur.

'Ya'yana shida ne.