Kujerar Baba a Ƙofar Bene

Goggo, don girman Allah ki karanta wannan wasiƙa har ƙarshe ki faɗa mini yadda zan yi da mahaifina, domin ni dabarata ta ƙare. Ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye, kaina ne ba ya tare da ni.

Ni direban bas ne a wata ƙasa da ba tamu ba. Na daɗe a nan, har na saba da halin mutanenta: ka shiga gidanka ka ja ƙofa, maƙwabcinka ya ja tasa, idan kun haɗu a matakala ku ɗaga wa juna kai, shi ke nan an gaisa. Maiɗakina tana aiki a sashen wanki na wani asibiti. Muna haya a hawa na sama na wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo.

Bayan rasuwar Innarmu ne na ɗauko Baba. Ba don son kai na yi ba, Allah ya sani. Abokan hirarsa na ƙofar gida sun yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ƙanwata ta ce mini wani lokaci takan tarar da shi zaune shi kaɗai a kan benci, yana gaida masu wucewa. Ita kuma tana gidan miji, cikin dangin miji, babu ɗakin da za ta ajiye shi. Na sha wahalar takardu kafin a ba shi izinin zama, ranar da ya sauka kuwa bakina har kunne.

Ki san wane ne Baba. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, rabin rayuwarsa a kan keke ya yi ta yana raba wasiƙu, don haka babu gidan da bai san mutanensa ba a garinmu. Yana jin yaren mutanen nan daidai gwargwado, tun na makaranta. Da na ɗauka wannan alheri ne, ashe shi ne zai ja mana.

Bai yi sati ba ya ce ɗakin nan ya yi masa kama da akwati. Wata rana na dawo aiki na tarar ya sauko da farar kujerar robar da muke ajiyewa a baranda, ya dasa ta a gefen ƙofar shiga bene, kusa da akwatunan wasiƙu, ya hakimce da hularsa da carbinsa. Na ce masa a nan ba a yin haka. Ya yi mini wani kallo, ya ce ƙofar gida ce, kuma shi tun da ya yi wayo bai taɓa jin inda zama a ƙofar gida ya zama laifi ba. Na yi dariya na ƙyale shi. Ina ma ban ƙyale ba.

Kafin wata ya zagayo ya raɗa wa kowa suna. Akwai Mai Kare, wata dattijuwa da ke hawa na ƙasa, wadda yake riƙe wa ƙofa duk da ƙyamar karen da yake yi, yana tattare bakin rigarsa. Akwai Malama, akwai Ɗan Keke, akwai Dogo da matarsa. Duk wanda zai fita sai Baba ya tambaye shi ina zuwa, wanda ya dawo ya yi masa sannu da zuwa, ya tambayi yara, ya tambayi jiki idan ya ji ana tari. Idan mai kawo kaya ya zo ba ka nan, Baba zai karɓa ya ajiye a ƙarƙashin kujera, ya kai maka har ƙofa. Wasu suna murmushin yaƙe su wuce, wasu su sa waya a kunne tun daga nesa. Shi ko a jikinsa. Goggo, a watannin nan Baba har ƙiba ya yi. Da yamma yakan ba mu labarin benen kaf, yana kwaikwayon tafiyar kowa, mu yi ta dariya har maiɗakina ta riƙe ciki.

To, Dogo direban babbar mota ne, yakan yi dogon zango. Duk lokacin da ba ya nan, akwai wani mutum mai jar mota da yake zuwa gidansa, ya shiga da rana tsaka da ledar cefane, wani lokaci ya kwana. A lissafin Baba, babu namijin da zai shiga gidan matar aure haka gaba gaɗi idan ba yayanta ba ne. Ko tambaya bai yi ba. Ranar da Dogo ya dawo, Baba ya tashi ya tarbe shi, ya yi masa sannu da hanya, sannan ya ce ya kwantar da hankalinsa, gidansa bai yi maraici ba, surukinsa mai jar mota yana zuwa kullum yana duba iyali. Har ya ƙara da cewa irin wannan suruki sai an tona, ya riƙe shi da kyau.

Matar Dogo ba ta da ɗan'uwa namiji ko ɗaya.

Abin da ya biyo baya kowa a benen ya ji shi ta bango. Dogo ya kwashe kayansa ya tafi. Matar ta sauko ta tsaya a kan Baba tana zazzaga masa masifa a gaban jama'a, tana nuna shi da yatsa, shi kuma yana ta ba ta haƙuri bai ma san laifinsa ba. Ni na fassara masa abin da ya faru da yamma. Ya yi salati, ya ce ashe shi ne ya kashe auren mutane.

Aka kira taron masu haya. Na je na zauna a baya, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. A nan na ji yadda suke ganin mahaifina: wani baƙon tsoho da yake gadin shigarsu da fitarsu, ya san lokacin da gidan kowa yake ba kowa, yana tambayar yaransu, yana taɓa kayansu. Malama ta ce ta daɗe tana bi ta ƙofar baya don ta kauce masa. Aka ce duk mai son a ɗauke kujerar Baba ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, har Mai Kare. Mai kula da ginin ya ja ni gefe ya ce ko dai kujera ta bar ƙofa, ko maganar ta kai ga mai gida lokacin sabunta haya.

Ni da hannuna na ɗauki kujerar nan na hau da ita. Baba yana biye da ni a matakala, yana tsayawa yana hutawa.

Tun daga ranar Baba ya zama wani mutum daban. Yana zaune a bakin taga, labule a sake, ko leƙawa ba ya yi wai kada a ce yana kallon mutane. Abinci sai maiɗakina ta yi ta lallashi, ya ci loma kaɗan ya ture. Wandonsa ya fara zamewa. Na gwada ɗaukarsa a bas ɗina ko zai sha iska, sai ya koma gaida duk wanda ya shigo, wani fasinja ya kai ƙara, shugabana ya ja mini kunne. Masallaci yana da nisa, gwiwoyinsa ba sa kai shi sai ranar da nake hutu. Kwanan baya Mai Kare ta tsaya a matakala kamar za ta yi mini magana, sai ta ja karenta ta wuce.

Abin da ya fi ci mini rai, Goggo, ko ni yanzu ba ya tambayata ina zuwa. Da, ba na isa in sa takalmi bai tambaya ba, har haushi nake ji, gemai-gemai da ni. Yanzu ina fita ina dawowa, sai dai ya bi ni da ido.

Maiɗakina ta ce a mayar da shi gida kafin ya mutu mana a bakin taga. Ƙanwata ta ce a gida wa zai kula da shi, ga maganinsa a nan yake samu. Abokan aikina sun ce zai saba. Na tambayi kowa, kowa da tasa, ni kuwa duk inda na juya gani nake kashe shi zan yi. Idan ya zauna, shiru zai cinye shi, idan ya koma, ya koma kan benci shi kaɗai. Ina zan kai mahaifina?

Ɗanki,
Direba

Ɗana Direba,

Na karanta wasiƙarka na yi dariya a wurin suruki mai jar mota, Allah ya yafe mini, daga nan kuma dariya ta ɗauke. Ba zan yaudare ka ba: kujerar nan ba za ta koma ƙofar bene ba, kuma babu wata dabara da za ta mayar maka da Baban watannin farko cikakke. Mu fara daga nan.

Mahaifinka bai yi mugunta ba. Abin da ya yi shi ne abin da ya sa mutane suka ƙaunace shi tsawon rayuwarsa. Auren Dogo kuma da tsagarsa tun kafin Baba ya sauka daga jirgi, ka faɗa masa haka a fili, ka maimaita, domin na tabbata wannan nauyin ne ya fi hana shi cin abinci. Amma maƙwabtanka ma ba azzalumai ba ne. A inda kuke, sanin shigar mutum da fitarsa tamkar leƙa masa ɗaki ne. Wanda ka tambaya ina zuwa, ji yake ana tuhumarsa. Matar da ke zaune ita kaɗai, idan ta ji wani ya san lokacin da gidanta ba kowa, tsoro take ji, ko da mai sanin salihi ne. Kai ka san wannan tun tuni. Da ka zaunar da Baba tun farko ka warware masa dalla-dalla, da wataƙila ba a kai nan ba, amma wannan ya wuce.

Ga abin da ya rage a hannunka. Ka kai shi wurin likita a wannan makon, ka faɗi maganar rama da rashin ci da shirun, kada ka tsaya a kan gwiwa kawai. Ka ba maƙwabta haƙuri ta bakin mai kula da ginin, a taƙaice, kada ka je ƙofar matar Dogo, kada ka bar Baba ya je. Ka koya masa ƙa'idar wurin kamar yadda ake koya wa sabon direba hanya: gaisuwa ta halatta, maganar sanyi da ruwan sama ta halatta, amma ban da ina zuwa, ban da wa ya zo, ban da taɓa kayan wani sai an roƙe ka, kuma abin da ido ya gani ya tsaya a ido. Sannan ka nema masa wurin da zama ba laifi ba ne, ko bencin lambun unguwa, ko shagon wani ɗan ƙasarku mai aski ko mai kayan masarufi da zai so dattijo a gefensa. Ba zai kai ƙofar gida daɗi ba, amma ya fi labule. Mai Kare kuwa, ka gaishe ta ka wuce. Idan tana da magana za ta kawo ta da ƙafarta, kada ka ɗora buri a kai.

Yanzu ga inda zan ja maka kunne. Ka ce ka tambayi kowa: matarka, ƙanwarka, abokan aiki, har da ni da ban taɓa ganinsa ba. Ban ga inda ka tambayi Baba ba. Mutumin da ya haife ka ne, ba kaya ba ne da za a yi shawarar inda za a ajiye. Ka zauna a ƙasa kusa da kujerarsa ka tambaye shi inda yake so ya ƙarasa kwanakinsa. Mai yiwuwa ya ce gida, ko da benci ne shi kaɗai, domin a can ko baƙo ya gaisar za a amsa masa da fara'a. Idan ya faɗi haka zai yi maka ciwo, kuma maganin da kake tsoron ya rasa gaskiya ne, amma kada ka yi masa gardama. Ku tsara kulawarsa da ƙanwarka, ka ɗauki hutu ka raka shi da kanka har ƙofar gida. Idan kuma ya ce zai zauna, to ka san ya zaɓe ka ne a kan duk garinsu, ka riƙe wannan da hannu biyu.

Ko wanne ya zaɓa, akwai abin da ba ya bukatar izinin mai gida ko ɗaga hannun kowa. Benen nan kaf an hana shi tambaya, shi ya sa ya haɗa har da kai. Gobe idan ka sa takalmi, kada ka jira. Ka je gabansa ka durƙusa, ka faɗa masa inda za ka, da hanyar da za ka bi, da lokacin da za ka dawo. Idan ka dawo ka ba shi labarin fasinjojinka ɗaya bayan ɗaya, ka bar shi ya raɗa musu suna. Wataƙila ya yi shiru gobe, ya yi shiru jibi. Ka ci gaba da faɗa, har ranar da zai riga ka tambaya.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sanyaya masa zuciya, ya sa ka gama da shi lafiya. Ka gaishe mini da shi, ka ce Goggo tana tambaya ya jiki, ya kuma baƙunta.

Goggonku