Littafin Mai Sunan Baba

Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Mu nan Bebeji lafiya, sai gajiya.

Bayan haka, karatuna na wasiƙa ya kai ni laburaren jami'a a Kano, neman littafin tarihi. Ma'aikacin ya ce, "Malama, wa ya rubuta shi?" To, marubucin mai sunan Baba ne. Na sunkuyar da kai, bakina ya ƙi faɗa, har na fito. Sai da mota ta wuce Kura na tuna, ai da na rubuta masa sunan a takarda.

Jarrabawa saura mako uku. Don Allah ki nemo mini littafin a Zariya, sunan yana bayan takardar nan. Ki sa ni a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarki,
Binta