Ƙorafi Kan Musanya Injin Landrova Mai Lamba BP 4172

Daga: Scholastica Manasseh Anzaku,
Unguwar zoma mai ritaya,
Angwan Iya, Keffi,
Jihar Binuwai-Filato.

11 ga Maris, 1975.

Zuwa ga: Mai girma Babban Sakatare,
Ƙungiyar Jinyar Karkara ta Gindin Dutse,
Jos.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: MUSANYA INJIN MOTAR DA NA SAYA A GWANJON RESHEN KEFFI

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana. Shekara ashirin da biyu na yi wa wannan Ƙungiya aiki ban taɓa rubuta ƙorafi ba, don haka a yi mini haƙuri idan na kauce wa tsari.

1. Ranar Asabar, 18 ga Janairu, 1975, reshen Keffi ya yi gwanjon tsofaffin kayan aikinsa. Na sayi Landrova ƙirar 1958, mai jan taya huɗu, lambarta BP 4172, da injin fetur wanda lambarsa ta ƙare da 0386, kamar yadda rasit ɗin da na maƙala ya nuna. Babu wanda ya yi takara da ni. Bana kowa ya karɓi ƙarin albashi, hankali ya koma kan sababbin motoci.

2. Wannan mota ita marigayi maigidana, Manasseh Anzaku, ya tuƙa wa Ƙungiya shekara goma sha huɗu, har rasuwarsa a 1972. Shi a sitiyari, ni a gefe da akwatin haihuwa, haka muka zagaye ƙauyukan Agwada rani da damina. A cikinta ya koya mini tuƙi. Ranar gwanjon na sa ƙarfen da ake juyawa a tayar da ita da hannu, ta tashi a juyi na uku, a gaban mai kula da sito, Malam Julius Dogara, da Chijioke bakanike.

3. Malam Julius ya ce motar ba za ta bar harabar sito ba sai takardu sun dawo daga Jos da sa hannu. Na amince. Cikin mako ukun da na yi ina jira, na auna maganar inji sosai, domin kada a ɗauka rigimar tsohuwa ce wadda ba ta san abin da take so ba. Chijioke ya nuna mini hanya uku. Ko a sa mata injin dizal, wanda ba ya shan mai kuma yana da ƙarfin ja a laka. Ko a nemo babban injin fetur mai silinda shida, mai gudu, amma kayan gyaransa sai Kaduna. Ko a bar mata nata, a canza fulogi, a wanke kafireta. Ya ce da shi ne, dizal zai ɗauka.

Na yi kwanaki ina juya zancen, ba ni da wanda zan yi shawara da shi. ’Yata Catherine tana aure a Legas, wasiƙa kan yi wata kafin amsa ta zo. A ƙarshe na zaɓi a bar mata nata, bisa dalili. Injin dizal ba ya tashi da hannu. Idan batir ya mutu a daji, sai an sami majiya ƙarfi sun tura, ni kuwa, ranka ya daɗe, ba ni da mai tura mini mota. Na fetur ɗin na san tarinsa, na san inda ake taɓawa ya daina.

4. Ranar Litinin, 10 ga Fabrairu, na je ɗaukar motar. Kafin in buɗe murfin inji, warin mai ya gaya mini. An cire 0386, an ɗora wani injin dizal da aka shafe da sabon fenti, aka goge lambarsa da magagari. Da na tambaya, Malam Julius ya ce alheri ya yi mini saboda darajar marigayi, ya kamata in gode. Ma’aikatan da ke wurin suka yi ta taya ni murna. Na tsaya a tsakiyarsu na rasa wanda zan kalla.

5. Chijioke ya duba wannan alheri. Injin ya tsage ta ƙasa, an toshe da gam, yana haɗa ruwa da mai. Ranar 24 ga Fabrairu jami’in duba lafiyar motoci ya ƙi ba ni lasin, domin injin bai dace da takarda ba, har ya gargaɗe ni cewa ana iya tuhumata da riƙe kayan sata. Ni da na karɓi haihuwar rabin yaran garin nan. Motar tana ƙofar gidana tun ranar da aka jawo ta da igiya, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

6. Sau huɗu na koma ofishin reshe. Sau biyu aka ce Malam Julius ya fita, sau ɗaya aka bar ni a benci har aka tashi aiki. A na huɗu ya ce tsohon injin ya lalace, an zubar da shi.

7. Ba a zubar da shi ba. Ranar 2 ga Maris, ina dawowa daga coci ta Tudun Ƙofa, na ji ƙararsa daga wata rumfar niƙa. Na shiga. An ɗaure shi a kan katako yana juya injin niƙan hatsi, lambar 0386 tana nan, haka ma wayar jan ƙarfen da maigidana ya naɗe bututun mai da ita a hanyar Agwada. Mai rumfar, Madam Titilayo, ta ce daga hannun Malam Julius ta same shi, ba ta san komai a kansa ba, kuma na yarda da ita. Ta ba ni kujera da ruwa. Ina shaida wa mai girma Sakatare, don kada ya ji a bakin wani, cewa tun daga ranar na kai masara niƙa wurin sau biyar. Garin da ke ɗakina yanzu ya fi ƙarfin cikin mutum ɗaya.

8. Ba don tunawa kawai na sayi motar ba. Tun da reshe ya daina zagayen Agwada, babu unguwar zoma mai horo da ke shiga can idan ruwa ya sauka. Mata bakwai na yi wa alkawari zan zo, uku daga cikinsu watan Mayu za su sauka, ɗaya kuma ta riga ta rasa biyu a wajen haihuwa. Ruwan farko bai fi saura mako biyar ba, kuma in ya zuba, ba motar da ke haye rafin da ke hanyar Agwada sai irin wannan.

Saboda haka ina roƙon mai girma Sakatare, cikin ladabi:

(a) ya ba da umarni a mayar da inji 0386 cikin motata kafin 15 ga Afrilu;

(b) a ɗauke injin dizal ɗin daga hannuna da takardar shaida, domin sunana ya fita daga zargi;

(c) Malam Julius ya samar wa Madam Titilayo wani injin, kada rumfarta ta tsaya saboda ni, tana da ’ya’ya;

(d) a binciki yadda aka yi, a hukunta bisa ƙa’idar Ƙungiya. Ba na neman a kore shi.

Chijioke ya yarda ya ba da shaida, kuma ya ce kwana biyu sun ishe shi ɗora injin. Idan za a aiko wani ya gani da idonsa, ba sai an sanar da ni rana ba. Kullum ina gida.

Ina jiran amsarka da dukkan girmamawa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci.

Ni ce mai biyayya gare ka,

Scholastica Manasseh Anzaku
Unguwar zoma mai ritaya, Angwan Iya, Keffi

An maƙala: rasit ɗin gwanjo, takardar ƙin ba da lasin.