Sojojin da Suka Far wa Idona

Alƙahira, ranar Talata

Zuwa ga jikata Shadiya mai kunnen ƙashi,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya babanki da mutanen Isna? Tantabaruna fa, kina ba su hatsi ko kun soye su?

Ni lafiya lau, sai ɗan idon nan. Likita ya leƙa ya ce, "Hajiya, ba kambun baka ba ne. Akwai ƙananan sojoji a jini masu korar cuta, naki ne suka rikice suka far wa idonki." Na ce, "Ɗana, shekara saba'in ina ciyar da su da wake da gurasa, sakayyar ke nan?" Ya yi dariya, ya ƙwace min kwalli. Ashe duk rambaɗawar da nake yi don in warke wahalar banza ce.

Sau shida a rana ake ɗiga min magani. Idon hagu ya riga ya dushe, na dama ake lallashi. Kada babanki ya ji.

Kada ki jira dawowata. Ki hau jirgin ƙasa da jaririn nan naki, in ga ko ya ɗauko ƙaton hancin gidanmu, tun ina iya bambance hanci da kunne.

Allah ya yi miki albarka.

Kakarki,
Zahiyya