Na sa wa taubashina mura, ga shi kwance likita

Assalamu alaikum masu shafin nan da masu karatu. Tsoho ne ke gaishe ku daga Malanville, mai saida albasa, wanda ya bar lakkwal, makarantar boko, tun aji uku. A ɓoye sunana, kuma mai niyyar zagi ya dakata in ƙare, na gaji.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, tare munka tsufa muna zagin juna. Ni in ce mishi bawana, shi ya ce mini ɓarawon tuwo. Shekarun baya, bayan rasuwar matarshi, an auna shi an iske shina da sida, ƙanjamau ke nan. Ni kaɗai ya gaya wa, ya sa na rantse. Ƙwayoyin da yake sha kullum ma a rumfata yake aje su, bayan buhunnan albasa, don kar ɗiyanshi su gani.

To kwanan nan murar nan mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi ta shigo kasuwa, ta kama ni. Na fito haka nan ina majina, don albasa ba ta jiran mai mura. Muna zaune ni da taubashin nan da mutane ana shan shayi, na kurɓa na miƙa mishi kofina kamar kullum. Ya ce a hankali, "Bari dai, ka sani." Na sani kuwa. Shi da bakinshi ya taɓa gaya mini lokotoro, daktan da ke duba shi, ya ce ya kiyayi mai mura, don irin jikinsu tana iya sauka ga huhu. Amma bakina ya riga hankalina. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a ku ga bawa na ƙyamar ubangidanshi. Ko amarya ce kai, mura za ta ɓata maka kwalliya?" Kowa na dariya. Ya zai ƙi, a tambaye shi dalili? Ya dube ni, ya shanye, ya ce, "Shayin ɓarawo ko sikari babu." Na ƙara matsawa kusa da shi ina tari, wai wasa.

Ni murata ta wuce da citta da barkono. Shi tashi ta zama tarin da ba ya bari ya kwanta, numfashi sama-sama, sai da anka ɗauke shi zuwa likita, wato asibiti. Sun ce ta shiga huhu. Kullum in kai mishi ƙwayarshi cikin aljihu, in jira ɗiyan su fita alwala. Jiya ya buɗe ido ya ce, "Ɓarawo, ka zo satar abincin majinyata?" Na kasa ramawa, karo na farko a rayuwata.

Ga inda nake neman ku. Babban ɗanshi ya ce wane irin tsoho ne mura ke kayarwa haka, wannan sammu ne, jibi zai kai shi ƙauyen Garou wurin mai maganin gargajiya. Can ba lokotoro, ba ni, ba ƙwaya. Na ce, "Ɗana, bar shi ya ƙara kwana biyu." Ya ce, "Baba, ba ni dalili." Sai na koma na roƙi uban ya gaya mishi da kanshi, ya juya fuska ga bango ya ce gara kabari.

In na faɗa, na ci amanar wanda na riga na cuta. In na yi shiru, za su ɗora shi bisa babur ina kallo. Don Allah, me zan yi?